Kowace ƙasa da irin gininta

Duk wanda ya yi ci-rani Abijan ko Kwatano ya san zafin Kurmi. Ba irin na Tawa ba ne. Can iska jiƙe take. Zufa ba ta bushewa ga jiki, kuma ko da dare zafi ba ya sauka sosai. Ruwan da ake yi Abijan cikin shekara ya kai na Maraɗi sau 3.

Shi ya sa magini na ƙwarai a Kurmi iska yake nemar wa ɗaki. Yana buɗa manyan tagogi 2, wannan na duban wannan, iska ta shiga nan ta fita can. Bango ba ya da kauri, don kar ya riƙe zafi. Rufi na da gangare, bakinsa ya zarce bango, ruwa ya zuba nesa. Daɓe kuwa ana ɗaga shi bisa, saboda laima. A Ganbiye, kusa da Kwatano, bisa itatuwa anka kafa gidaje, cikin ruwa.

A ƙasar Hausa rana da zafi, amma goshin asuba da sanyi. Bangon ƙasa mai kauri na tare zafin rana, sai dare ya sake shi. Nan amfanin soro yake.

Ga inda ɓarna take. Ɗan ci-rani ya komo da kuɗin guminsa, ya yi ɗaki irin wanda ya gani can: bango siriri, rufin kwano. Amma ya bar taga guda, ƙarama, ba rufi ƙarƙashin kwanon. Da bazara ɗakin ya koma tanda. Yara ba su barci, mai jego na shan wuya, kuɗi kuwa sun tafi.

Abin koyi ga Kurmi shi ne dabarar damina, musamman wajen Gaya, inda ruwa ya yi yawa:

1. A yi gini bisa tudu, a kewaye gindin bango da dakali.
2. A sa indararo mai tsawo.
3. A sake yaɓen bangon gabas kafin ruwan fari, don hadari daga gabas yake tasowa.
4. A buɗa taga kudu da arewa.
5. In kwano anka sa, a yi mashi rufin tabarma daga ciki, a bar ƙofar iska tsakani.

Kafin a sayi kwano, a shawarci tsohon maginin gari. Rigakafi ya fi magani.