Mu Daina Mayar Da Excel Littafin Rubutu



Kusan duk ƙarshen wata sai an yi wannan rigimar a ƙungiyoyinmu da shagunanmu. Ma'aji ya ce an tara kaza, sakatare ya ce lissafinsa bai nuna haka ba, a tashi taro ana hararar juna alhali babu wanda ya ci ko sisi. Abin mamaki, da yawanmu muna da Excel a kwamfuta ko a waya. Sai dai mun mayar da shi littafin rubutu: mu zuba lambobi a ciki, mu ɗauko kalkuleta mu tara, sannan mu rubuta jimilla da hannu. Kamar wanda ya sayi babur ne yake turawa.

A ganinmu, lissafi aikin Excel ne. Namu shi ne mu jera masa bayanai yadda zai gane su.

Mu fara da tsari. Kowane biyan kuɗi ya samu layinsa guda na kwance. Layukan tsaye kuma kowanne da aikinsa: A kwanan wata, B suna, C dalilin biya, D adadi. A gidan adadi a rubuta lamba zalla, misali 5000. Idan muka rubuta "N5000" ko "5000 naira", Excel zai ɗauke shi a matsayin rubutu, ya tsallake shi wajen tarawa, kuma ba zai yi mana gargaɗi ba. Sau da yawa daga nan ake samun giɓin da ake zargin mutane a kai.

Sai tarawa. A tsaya a gidan da ke ƙarƙashin lambobin, a danna Alt da alamar = tare, jimilla za ta fito. In aka gyara wata lamba a sama, jimillar za ta gyara kanta. In kuma ana son sanin nawa aka samu na gudummawa kaɗai, a rubuta =SUMIF(C:C,"gudummawa",D:D). Sharaɗin dai a riƙa rubuta kalmar iri ɗaya kullum. "Gudummawa" yau, "gudunmawa" gobe, abu biyu ne a wurin na'ura.

Lambobin waya da na asusun banki suna da tarkonsu. Excel yana cire sifilin farko, sai 0803 ta koma 803. Asusun banki mai lamba 10 da ya fara da sifili zai koma mai lamba 9. Kafin a fara shigar da su, a mayar da wannan layin tsayen zuwa Text. Haka kwanan wata: kwamfutar da ke kan tsarin Amurka tana karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, mu kuwa 3 ga Afrilu muke nufi. Danna Ctrl da alamar ; tare. Yana saka kwanan yau ba tare da wannan ruɗanin ba.

In jerin ya yi tsawo, Ctrl da T za su mayar da shi tebur mai matata, a ware biyan mutum ɗaya cikin daƙiƙa. Ctrl da Z suna dawo da abin da aka goge bisa kuskure. Ctrl da S kuwa mu riƙa danna su a kai a kai, don wutar lantarki ba ta sallama kafin ta tafi.

Kada a ce wannan ƙaramin abu ne. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta amsa cewa kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna suna da korona sun faɗo daga rahotonta. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon nau'in fayil na XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. An yi jinkirin neman waɗanda suka yi mu'amala da su saboda kuskuren ajiye fayil kawai. In hakan ya samu hukuma mai ƙwararru, ina ga mu?

Shawararmu ta ƙarshe, kada fayil ɗin kuɗin jama'a ya zauna a wayar mutum ɗaya. A ajiye kwafi a Google Drive, a bai wa shugaba da mai binciken kuɗi damar gani. Waya tana ɓata, mutum yana tafiya gida ya daɗe. Lissafin da kowa zai iya dubawa shi ke kare mutuncin wanda aka ba amana.

Allah ya sa mu dace.