Da Ciki Da Mutunci, Wanne Ke Gaba?

A shekarar 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka, mai suna Abraham Maslow, ya jera bukatun mutum hawa biyar kamar matakan tsani. Na farko ci da sha da barci. Na biyu tsira daga tsoro da fitina. Na uku ƙauna da samun jama'ar da za ta ce kai nata ne. Na huɗu mutunci a idon mutane. Na biyar kuwa shi ne mutum ya kai iyakar baiwar da aka yi masa, ko ta ilmi ce ko ta sana'a. A ganinsa, muddin yunwa tana cin mutum, bukatun sama ba su cika damunsa ba.

Wannan ba baƙon zance ba ne gare mu, gama tun kaka da kakanni an ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mafi yawanmu da ke Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Shagamu, neman abin sakawa a bakin salati ne ya raba mu da gida. Amma wanda ya ɗauka cewa sai ya gama da ciki sa'an nan zai waiwayi mutunci, haƙiƙa ya yi kuskure babba.

Mu dubi Sabon Ibadan, wanda aka kafa a 1916. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna can a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 inda ya bayyana yadda cinikin shanu ke gudana a lokacin. Falke ya taso da dabbobinsa daga Arewa, ya sauka gidan maigida, ya sami makwanci da abinci. Dillalan maigidan su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, maigida kuwa shi ke tsayawa har kuɗin falke su fito. Mahaucin da ya ci amana, labarinsa ya bazu, ba mai sake ba shi bashi. Ashe a wannan kasuwa mai jama'a da mutunci shi ke samun tuwo, wanda ya rasa su kuwa ya kwana da yunwa. Hawa na uku da na huɗu su ne suka ɗauki na farko. Shi kansa Maslow ya ce ba lalle ne bukata ta biya sarai kafin wata ta taso ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mai gadi, ko ɗan dako, ko mai shayi ya ce sai ya yi arziki tukuna zai shiga ajin yaƙi da jahilci, ko ya koyi sana'ar hannu, ko ya sa 'ya'yansa makaranta. Bukatar ciki ba ta ƙarewa, kullum garin Allah ya waye sabuwa take. Wanda ya tsaya jiranta, tsufa zai same shi a gindin tsani. A nemi abinci, a riƙe amana, a nemi sani, duk a lokaci guda, domin in ranar komawa gida ta zo a koma da abin da ya fi guzuri.