Kafin a sayi bushin kamshaf, a auna tukuna

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ja kunnen 'yan uwana masu motoci da kanikawan Kankiya da Kusada kan wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, amma ya cinye mini ribar kaka guda.

Ina da tsohuwar Marsandi 911 da nake kai gero da wake kasuwar Dawanau da ita. Bara, gab da girbi, injinta ya fara shan baƙin mai, muka sauke shi. An yanke karanshaf, an sa sabon ringi da metal. Da aka zo kan bushin kamshaf, wato zoben da sandar buɗe bawul take juyawa a cikinsa, sai na zuba tsofaffin a leda, na ba yaron mota ya tafi Kano. Mai shago ya dubi tsoho, ya dubi sabo, ya ce, "Su ne, Malam." Ba wanda ya auna komai, ni ma ban ce a auna ba.

A lodi na uku, muna dab da Bichi, inji ya ɗauki zafi, allurar mai ta faɗi. Da aka sake buɗewa sai muka tarar sandar kamshaf ɗin kanta ta riga ta cinye, sababbin bushin sun yi mata yawa, mai na zurarewa ta gefe maimakon ya isa inda ake bukatarsa. Ɗaya kuma an buga shi a karkace, ramin mansa bai haɗu da na bulo ba, ya bushe ya ƙone.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a cikin inji bai sani ba. Tazarar da ake bari tsakanin sanda da bushi, inda mai yake kwanciya, ba ta wuce kaurin gashin kai ba. In ta yi yawa ƙarfin mai ya sauka, in ta matse sanda ta kama. Abin mamaki, mun san wannan a karanshaf: kowane bakanike zai gaya maka an yanke shi zuwa 0.25 ko 0.50, ya nemi metal daidai da haka. Amma kamshaf sai a ce ai rabin gudun karanshaf yake yi, ba ya damuwa. Alhali daga famfo guda suke shan mai, in ɗaya ya zubar, ɗayan ma ya ji a jikinsa.

Shawarata ga mai sauke inji: a tafi kasuwa da lambar inji, domin mota iri ɗaya kan zo da inji daban. A kai sanda da bulo wurin masu yankan karanshaf su auna da maikuromita, a rubuta awon a takarda. In sanda ta cinye, a nemi bushi mai kauri ko a canja ta. A lura, a wasu injina kowane bushi da gurbinsa, na gaba ba ya shiga na baya. Bayan an buga, a haska tocila a ga ramukan mai sun haɗu, a kuma juya sandar da hannu kafin a rufe.

Ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta NATA a yankinmu ta haɗa kuɗi ta ajiye kayan awo da kowane gareji zai iya ara, tunda daga nan zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tafiyar fiye da kilomita 100 ce. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta ƙara sa ido kan jabun kaya da ake zubawa a kwalin na ainihi.

Motata ta koma hanya, amma sai da na biya kuɗin aiki sau biyu, lodin kaka kuma wasu suka kwashe.



Daga mai karatunku,
Kankiya, Jihar Katsina.