Hunhuna Bayan Ambaliya: Wa Ya Cancanci Ƙiyasta Asarar?



Makon jiya na je duba wata ƙanwata a Demsawo cikin Jimeta. Ruwan da ya shiga gidansu ya janye, amma tun daga zaure warin danshi ya tare ni. Bangon ɗakin yara ya yi baƙi har gwiwa, katifu sun yi hunhuna, autarta kuma tari ya hana ta barci. Maigidanta ya yi wa gidan inshora, sai dai wanda aka turo ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ce fenti kawai bangon yake so.

Fenti ba ya kashe hunhuna, rufe ta yake yi. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora da ke danganta zama cikin danshi da hunhuna da tari, shessheƙa da tashin asma. Tana iya kama kaya cikin kwana ɗaya zuwa biyu da jiƙewa. Mu da ke bakin kogin Binuwai, da muka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, wannan magana tamu ce.

To, wa ya kamata ya duba? A Najeriya mai ƙiyasin asara sai ya yi rajista da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, kuma suna da cibiyarsu ta ƙwararru, ILAN. A Amurka ma, jihohi irin su Texas da Florida lasisi na musamman suke bai wa mai binciken hunhuna. Wanda ya san aikinsa yakan auna danshin bango, ya duba bayan kabad da saman silin, ya bambance ɓarnar ambaliya da tsohon yoyon rufi. Wannan bambancin shi ne kuɗinka, domin kamfanoni da yawa ba sa biyan hunhunar da sakaci ya jawo.

Saboda haka, ko inshora ka yi ko takaful, duba ko takardarka ta haɗa da ambaliya. Sanar da kamfani nan take, ka ɗauki hotuna da bidiyo kafin shara. Idan mai ƙiyasi ya zo, nemi shaidar rajistarsa, ka buƙaci a rubuta abin da ya gani. In ba ka gamsu ba, NAICOM tana karɓar koke.

Uwargida kuma, kada ki jira shi. Buɗe tagogi, fitar da kaya rana, ki rufe hanci da baki wajen wankin bango. Katifar da ta kwana biyu a jiƙe a haƙura da ita. Masara ko gyaɗar da ta yi hunhuna kada ta shiga tukunya, gubarta hanta take ci. Yaron da numfashinsa ke sarƙewa a kai shi asibiti.

Allah Ya tsare mu. Sai mako mai zuwa.