Kuɗin Aike Ba Maɓoyar Riba Ba Ne

Akwai wata kasuwa a bakin ƙofar Kongo da ke Zariya wadda ba ta da rumfa ko ɗaya, amma kullum ci take yi. Da la'asar ɗan acaɓa zai kafe babur, baƙar leda a kan tanki, waya a kunne: "Hajiya, na iso, fito ki karɓa." A cikin ledar atamfa ce daga Kantin Kwari, ko jakar gwanjo daga Ƙofar Wambai, ko turaren wuta daga Maiduguri. Cinikin an gama shi tun shekaranjiya a WhatsApp ko Instagram, wani lokacin ma a gwanjon kai tsaye na TikTok, inda ake ɗaga riga a gaban kyamara, wanda ya riga rubuta "tawa ce" ya ɗauka.

A Kongo ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ajiye tsangayarta ta shari'a da ta harkokin mulki, a harabar da ta samo asali daga makarantar horar da akawu ta 1947. Dubban ɗalibai ke shige da fice a nan, ga Tudun Wada da Gyallesu a kusa, ga Ƙofar Doka da ke shigar da mutum cikin birni. Da yawansu masu saye ne, da yawansu kuma masu sayarwa ne, domin kuɗin makaranta ya sa ɗaliba mai waya ta zama dillaliya. Abin da ya fi haɗa su faɗa ba farashin kaya ba ne, kuɗin aike ne.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, ya kamata a bi ƙunshin a hanyarsa. Mai sayarwa a Kano za ta sayi leda da salatif, ta biya mai adaidaita sahu zuwa tasha, ta ba direba kuɗin saƙo, ɗan kamasho ma ya karɓi nasa. Direba ya iso Kwangila da ke Zariya, ya kira lambar da aka rubuta a jikin ledar. Daga nan sai ɗan acaɓa ya ɗauka zuwa Kongo, shi ma ba don Allah yake yi ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, kowane mataki a wannan hanya ya yi tsada. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Mai sayarwa da ta ce kuɗin aike ya tashi ba ƙarya ta yi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da ake faɗin kuɗin. Za a saka hoton abaya da farashi mai faranta rai. Mai saye ta tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, ta aika shaidar biya. Sai a lokacin ne za a ce mata, "'Yar uwa, saura kuɗin mota." A ce abayar ta dubu goma sha biyu ce, a nemi dubu huɗu na kawowa. Kuɗinta sun riga sun shiga hannun wata, ba ta da bakin ciniki kuma. Da ta san jimillar tun farko, wataƙila da ta hau acaɓa ta je kasuwar Sabon Gari ta zaɓa da hannunta.

Akwai kuma dabarar da ta fi wannan laushi. Mai sayarwa na da masu saye goma a Zariya. Ta zuba ƙunshi goma cikin jaka ɗaya, ta biya direba kuɗin jaka ɗaya, amma kowace daga cikin goman ta biya cikakken kuɗin mota kamar ita kaɗai aka yi wa aike. Rarar ba ta shiga aljihun direba ba. Riba ce ta biyu da aka sa mata rigar ɗawainiya.

Wannan wayo ya girmi TikTok. Dandalin gwanjo na eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, ya sha fama da shi shekara da shekaru. Da yake kamfanin yana cire la'adarsa ne daga farashin kaya kaɗai, sai masu sayarwa suka koma karya farashi suna kumbura kuɗin aike. Masana tattalin arziki biyu, Tanjim Hossain da John Morgan, sun gwada abin da kansu: sun saka faya-fayan waƙa da na wasan Xbox a gwanjon eBay, wasu da ƙaramin farashin farawa da babban kuɗin aike, wasu akasin haka. A binciken da suka wallafa a 2006, sun gano cewa salon farko ya fi jawo masu tayi, kuma sau da yawa ya fi kawo kuɗi. Wato idon mai saye a kan farashi yake, ba ya lissafa na ƙasa yadda ya kamata. A 2007 eBay ya ba masu saye damar ba da maki na musamman a kan kuɗin aike, a 2011 kuma ya fara cire la'adarsa daga jimillar kuɗin har da na aiken, don a daina ganin amfanin ɓoye riba a can.

Abin da ya fi dacewa Zazzagawa su kula da shi a tarihin eBay shi ne batun shaidar masu saye. Tun 1996 dandalin ya buɗe wurin da mai saye da mai sayarwa za su yi wa juna shaida. Sai ya zamana kowa na tsoron faɗin gaskiya, domin wanda ya kushe mai sayarwa shi ma za a rama a kansa. A 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan masu saye, saboda ya fahimci cewa yabon da tsoro ya haifa ba ya amfanar kowa.

A Kongo ba ramuwa ake tsoro ba, kunya ake ji. Mai sayarwar 'yar ajinku ce, ko matar malaminku, ko ƙanwar maƙwabciyarku a Tudun Jukun. Leshi ya zo launinsa ya saɓa da na hoto, an caje ki kuɗin mota ninki biyu, amma da aka tambaya sai ki rubuta, "Anti kaya sun yi kyau, Allah Ya ƙara kasuwa." Cikin minti biyar an ɗauki hoton saƙon an saka a sitatus. Wadda ta yi ƙarfin hali ta koka kuwa, ba wanda zai ga nata saƙon, kuma ba mamaki a toshe lambarta. Shaidar da mai kaya ke tacewa da kansa talla ce kawai. Wasu ma ba sa jiran mai saye: layi biyu gare su, su yabi kansu da ɗaya su amsa da ɗayan. A gwanjon kai tsaye kuma akan sa ƙawa ta riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don farashi ya hau. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, sunansa najashi, kuma haramun ne. Su ne kuma suka sanya sanin farashi cikin sharuɗɗan ingancin ciniki. Ɗaliban shari'ar Musulunci a Kongo suna karanta wannan babi su ci jarrabawa, su fito bakin ƙofa su biya kuɗin da ba a gaya musu ba tun farko.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashi, ta haramta yaudara a talla, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa da yadda aka siffanta su. Amma wa zai kai ƙara Abuja a kan dubu biyu? Ita kuwa hukumar gidan waya, NIPOST, lokacin da ta waiwayi masu kai saƙo a Yulin 2020, kuɗin lasisi ta ƙara, har sai da ministan sadarwa na wancan lokaci, Isa Ali Pantami, ya fito ya ce bai amince da ƙarin ba. Har yau direban tasha ne gidan wayar talaka, ba rasit, ba inshora, sai lambar waya da amana.

Masu saye ma suna da nasu. Akwai wanda zai ce a kawo ya biya idan kaya sun iso, ɗan acaɓa ya taho tun daga unguwar PZ, ya tarar da waya a kashe. Akwai mai sa riga ta je biki sannan ta ce ba ta yi mata ba. Masu ɗinkin manyan riguna na cikin birni, waɗanda aikin aska takwas ke cinye musu makonni, sun san zafin a aika riga Legas a dawo da ita, kuɗin zuwa da na dawowa duk a wuyansu. Neman a biya kuɗin aike kafin kaya su tashi ba zalunci ba ne. Zaluncin shi ne a ɓoye adadin sai bayan an karɓi kuɗin kaya.

Gyaran bai buƙaci sabuwar doka ba. Shagunan intanet na Jumia da Konga, da duk suka fara a Legas a 2012, suna nuna kuɗin aike kafin a danna biya, kuma ba abin da zai hana mai sitatus yin haka: abaya kaza, zuwa Kwangila kaza, zuwa ƙofar Kongo kaza. In an haɗa ƙunshi a jaka ɗaya, a raba kuɗin motar tsakanin masu kaya. Leda da kwali da ɗawainiyar zuwa tasha a saka su cikin farashi, kowa ya gani.

Sauran aikin na masu kula da zaurukan WhatsApp ne, waɗanda ɗalibai ke saye da sayarwa a ciki. Su ne kaɗai ke tsakanin ɓangarorin biyu. Za su iya ƙin karɓar duk tallar da ba ta zo da kuɗin aike a rubuce ba. Za su iya karɓar ƙorafi a asirce, su ji ta bakin mai sayarwa, sannan su sanar da zaure abin da ya faru ba tare da ambaton sunan mai ƙorafin ba, yadda ɗaliba za ta faɗi gaskiya a kan leshin matar malaminta, ta kuma shiga ajinsa washegari.