Sabulun Gida da Matsalar Suna

Bahaushe bai jira zuwan Turawa ba kafin ya san yin sabulu. Tun da daɗewa matan karkara kan ƙona karan dawa ko na gero, su tara tokar a tukunya mai huda, su zuba ruwa ya tsiyaye, sa'an nan su dafa ruwan tokar da kitse ko man kaɗe har ya kama jikinsa. 'Ya tana koya a gindin murhun uwarta, kuma kowane abu da ta taɓa tana da sunansa a bakinta.

A yau sana'ar ta dawo da wata sabuwar kama. Ƙungiyoyi sukan tara mata kwana ɗaya ko biyu a koya musu haɗa sabulun ruwa da ruwan goge ɗaki da abin da ake kira maganin kashe ƙwayoyin cuta. Babu mai ƙin wannan, domin yana rage kashe kuɗi, yana kuma sa wa mace ɗan abin hannu. Sai dai kayan haɗin sun zo da sunaye waɗanda kunne ya ji, hankali bai kama ba.

A ɗauki kostik soda alal misali. Fara ce kamar gishiri, in kuwa aka narka ta ba a bambanta ta da ruwan sha. Sau da yawa a tsohuwar robar lemo ake ajiye ta, yaro mai ƙishirwa ya ɗauka ya kurɓa. Takan ƙone maƙogwaro, in ciwon ya warke hanyar abinci ta tsuke, yaron ya yi shekaru yana fama da haɗiya. Abin takaici, kalmar soda ita ce dai ake kiran abin sha da ita, ita ce kuma ta haɗa burodi. Suna ɗaya ya rufe guba da abinci.

Har ila yau akwai rikicin kalmar tsabta, wadda ta haɗiye ma'anoni biyu, watau wanke datti da kashe ƙwayar cuta. Sabulu wanki yake yi, yana kuwa yi da kyau. Amma farin ruwan nan mai warin asibiti da ake ƙullawa a gida, ba wanda ya auna ƙarfinsa. Turare da launi ba sa kashe komai. A shekarar 2021 kwalara ta hallaka fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Gidan da aka yi amai da gudawa bilic yake bukata, da awo sananne: in ƙarfinsa kashi 5 cikin 100 ne, gwangwani 1 a gwangwani 9 na ruwa, a haɗa sabo kullum, a kuma fara wanke wurin da sabulu, don datti yana cinye ƙarfin bilic. Wadda ta ga kamar ƙari ne ta zuba masa ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin za ta tashi ta shaƙe ta a cikin banɗakin.

Duk wannan bayani a Turance yake a jikin kwalabe, masu aikin kuwa da Hausa suke tunani. A nan ne maganar ta shafi Sashen Hausa. An sha wahalar ƙirƙiro kalmomin nahawu da na adabi, waɗanda malami da ɗalibi kaɗai ke amfani da su, alhali matar da ke juya bokitin kostik da muciya ba a ba ta kalma ko ɗaya ba. Da za a kira wannan hoda gishirin wuta, a rubuta haka a jikin kowace roba da boko da ajami, uwa za ta san inda ya kamata ta ɗora ta tun kafin a yi mata bayani.