Fitilar Makaniki A Wudil: Batir Da Rana Sun Fi Janareta

Wudil garin hanya ne. Motar da ta baro Kano ta nufi Maiduguri sai ta haye gadarsa, kuma ran Juma'a kasuwar shanu takan tara motoci daga nesa da kusa. Saboda haka daren Juma'a, wato bayan faɗuwar ranar Alhamis, shi ne lokacin da aiki ya fi matsa wa makaniki, musamman wanda garejinsa rumfa ce ta kwano a ƙofar gida. Mai kaya na tsaye yana son motarsa kafin asuba, almuru kuwa ba ta jiran kowa.

To, da me ake gani a wannan rumfa? Galibi yaro ne riƙe da tocilar waya, hannunsa na rawa, maigida na ƙarƙashin mota yana lalube. Abin da ake lalubawa kuwa notin birki ne ko bututun mai, abubuwan da rayukan fasinja ke rataye a kansu. Notin da aka ɗaure cikin duhu, a kan hanya zai kwance.

Wutar kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba lantarki a Kano a 2013, tana zuwa tana tafiya, ba a ɗaura alkawari da ita. Don haka wasu suka koma ga ƙaramin janareta. Haƙiƙa wannan ba dabara ba ce. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kunna inji domin ƙwai biyu ko uku ɓarnar dukiya ce, ga shi hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum a wurin da iska ba ta ratsawa. Fitilar kananzir ta fi muni. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta ƙasa ya taru a ramin gyara, harshen wuta ɗaya ya ishe shi.

Alhali maganin yana cikin garejin. Batirin mota ƙarfinsa bolt 12 ne, kuma ana sayar da ƙwan LED mai aiki da wannan ƙarfi kai tsaye, ba sai da inbata ba. Ga lissafin, masu ciniki su duba. Ƙwan LED mai wat 10 yana ba da haske kwatankwacin tsohon ƙwai mai wat 60. Uku sun ci wat 30, a sa'a huɗu 120 ke nan. Batir mai ams 60, in a buga shi da 12, cikinsa 720 ne idan yana da lafiya. Ashe aikin daga magariba zuwa bayan isha'i bai wuce sudusin abin da ke cikinsa ba. Wannan yana da muhimmanci, domin batirin mota an yi shi ne don tayar da inji, in ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare ba ya daɗewa. Tsohon batir kuwa cikinsa ya ragu, sai a gwada shi tukuna kafin a dogara da shi.

Faifan sola mai wat 50 ya isa ya mayar da abin da aka ci kafin la'asar, da sharaɗin a sa ƙaramar na'urar da ke tsayar da caji in batir ya cika, a kuma share ƙura daga fuskarsa a lokacin hunturu. Kada a manta da fiyus kusa da kan batir. Waya biyu in suka haɗu ba fiyus, gobara ce. Batirin kuma a ajiye shi inda iska ke wucewa, nesa da walda, don yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne wurin ratayewa. Sai a sayi babban ƙwai ɗaya a ɗaure a tsakiyar rufi, da an ɗaga murfin inji inuwa ta rufe wurin aikin, kan makanikin ma ya ƙara tasa. Ƙanana biyu a gefe da gefe, daidai kafaɗa, sun fi babba ɗaya a sama. Na ukun a bar shi da doguwar waya da ƙugiya, ya bi maigida ƙarƙashin mota. Bango in an shafe shi da farar ƙasa yakan mayar da haske, wanda baƙin mai ya rine kuwa shanyewa yake yi.

Za a ce makaniki ba shi da kuɗin faifai da na'ura a dunƙule, abin da ya samu yau shi ne cefanen gobe. Gaskiya ne. Amma wa ya fi cin amfanin hasken? Falken da shanunsa ko buhunansa za su hau motar. Ya kamata masu motocin da ke kai gyara wuri ɗaya, uku ko huɗu, su haɗa su sayo kayan a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a rubuta bashin a gaban shaidu, makaniki ya riƙa rage musu daga ladan aiki har ya biya. Kayan sun zama nasa, su kuma sun sami wanda ke ganin abin da yake ɗaurewa a motarsu.